Yadda Za Ka Yi Sayayya Ta Waya Alhali Shagon Kawunka Yana Kallon Ƙofarka

Matso kusa, ɗan'uwa, ka rage murya. In kana cikin waɗanda annoba ta koya wa cefane da babban yatsa, kuma Allah ya jarrabe ka da irin jarrabawata, wato kawunka, ƙanen mahaifiyarka ciki ɗaya, yana da shagon kayan masarufi daidai saitin ƙofar gidanka, to kakarka ta yanke saƙa. Ka bi matakan nan bi da bi, ni kuma na ɗaukar maka alkawari: za ka sayi komai ta waya, tun daga sabulu har keken motsa jiki, Kawu bai ji ba bai gani ba. Ni da kaina na ƙirƙiro tsarin, ni na gwada shi, kuma ga ni a raye.

Kafin mu shiga darasi, ka san abin da muke karewa. A da, ko allura ake so a gidana, wurin Kawu ake tsallakawa. Da aka kafa dokar kulle, shi ne ya ja igiya a bakin shago, ya ɗaura bokiti a kan doguwar sanda yana miƙa wa mutane kaya daga nesa. Da zazzaɓin ya shigo gidana aka killace mu, ni da uwar yara da yaran, kowa ya watse, har masu rantsuwar tare za mu mutu. Kawu ne kullum da safe yake ajiye mana leda a bakin ƙofa, ya buga ƙyaure da ƙafa, ya koma tsakiyar titi ya ɗaga murya ta cikin takunkumi: "Ɗan Yaya! Kuna numfashi?" Sai ya ji na yi tari, alamar muna nan, sannan yake komawa shago.

Irin wannan mutum ba a duban tsabar idonsa a ce masa waya ta fi shi araha. Zuciyarsa muke karewa. Mutuncinka ma yana ciki, amma wannan tsakanina da kai.

Mataki na ɗaya: Ka wanke kanka tas

Mai jin yana da laifi ba ya iya ɓoyo, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Saboda haka ka fara da gamsar da kanka cewa ba kai ba ne, annoba ce.

Ai gaskiya ne ma. Kana kwance a killace, ba fita, ba baƙo, ka ƙirga silin har ka gaji, sai waya ta ce maka ga injin matse lemu an yi rangwame. Ka danna don gwaji kawai. Aka kawo. Kai, ɗan'uwa, akwai daɗin da ya kai a buga maka ƙofa a miƙo maka kwali kamar wani ya tuna da kai, alhali kai ka tuna da kanka? Daga injin lemu ka koma fitila mai canza launi, daga fitila ka koma takalmin da ya zo duka ƙafar hagu. Cinikin biri a sama ne, na sani, amma sabo turken wawa.

Wata rana kuma idonka ya faɗa kan sukari. Buhu guda, an kawo har gida, ba ciniki, ba gaisuwa, ba wanda zai tambaye ka ya maman yara. Daga ranar aka gama da kai. Annoba ta tafi abinta, ta bar maka yatsa mai ƙaiƙayi. In zuciyarka ta fara yi maka wa'azi, ka ce mata zamani ne, kuma zamani riga ne.

Mataki na biyu: Ka san abokin gabanka, wato benci

Kada ka yi zaton Kawu ne matsalarka. Bencinsa ne. Yana nan a gefen ƙofar shago, ƙafarsa ɗaya an tokare ta da bulo, kuma duk wanda ya zauna a kai yana ganin ƙofar gidanka har sakata. Kawu na hawansa tun kafin yara su tafi makaranta, da rediyonsa a cinya. In ka ga ya rufe ido, kada ka yarda, labarai yake saurare.

Doka ta farko ke nan: mai babur ɗin kawo kaya ba ya biyowa ta gaba, ko da titin baya ya zama kogi. Ni na koyi wannan da zufa. Odata ta farko bayan an buɗe gari, ina leƙe ta taga, sai ga mai babur da hular kwano ya tsaya, ba ko'ina ba sai gaban benci, da kwali ɗaure a baya.

"Baba, don Allah ina ne gidan mai lambar nan?"

Na fito da gudu, takalmi ƙafa ɗaya.

"Ɗan Yaya, baƙonka ne? Me aka kawo maka haka?"

"Takardun wurin aiki ne, Kawu."

Mai babur, Allah ya shirye shi, ya ce, "Yallaɓai, a riƙe shi a tsaye, kada man ya zube."

Na ce tawada ce. Kawu ya gyaɗa kai ya ce lallai aikin zamani sai ku. Ka ga amfanin saurin tunani ke nan.

Mataki na uku: Ka yi abota da mai katangar baya

Kowane gida yana da baya, kowace baya tana da maƙwabci. Nawa tela ne, shagonsa na fuskantar ɗaya layin. Ka kai masa ɗinki ko da ba ka buƙata, ka yabi hannunsa, sannan ka sauya adireshinka a manhaja ya koma nasa. Kaya su sauka wurinsa, shi kuma ya zuro maka ta katanga da bokiti da igiya. In wannan bokitin ya tuna maka wani bokiti na lokacin kulle, ka kau da kai. Bokiti bokiti ne.

Ƙananan kaya ba sa ba da wahala. Keken motsa jiki ne ya kusa raba ni da ƙugu. Tela na turawa daga can, ni ina kan kujera ina ja daga nan, uwar yara ta riƙe kujerar tana salati.

"Baban yara, wai don Allah wannan wahalar ba ta isa motsa jikin ba?"

Ban kula ta ba. Mata ba su san sirrin dabarun yaƙi ba.

Tela kuwa yana haki ya ce, "Kai ma dai da wahalar da kai kake. Ni ta gaban shagon kawun naka ake wucewa da nawa, ban ga ya mutu ba. Duk layin nan wa ya rage yana saye a wurinsa?"

Kada ka tsaya nazarin wannan maganar. Tela ɗinki ya sani.

Mataki na huɗu: Ashana

A nan gwaninta take, ka buɗe kunne. In ka ɗauke ƙafa gaba ɗaya daga shago, ka tona wa kanka asiri. Dole a riƙa ganinka. Kowace safiya ka tsallaka titi, ka rusuna, ka gaida Kawu da kyau, ka tambayi ƙafarsa mai ciwo, ka zauna a gefen benci ku zagi tsadar rayuwa tare. In za ka tashi, ka dafa goshi kamar ka tuna wani abu.

"Af! Kawu, a ba ni ashana."

Me ya sa ashana? Ba ta lalacewa, ba ta nauyi, tana shiga aljihu, kuma ba wanda zai zarge ka da rashin zumunci alhali yanzun nan aka ga ka yi ciniki. Masu hikima sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. Ba su ce sai ka sayi abu mai yawa ba.

Za ta taru, kada ka damu. Tawa ta cika durowar kicin, ta haura ta gefen gado, ta shiga akwatin takalma. Uwar yara ta ce ranar da gobara ta leƙo gidan nan, ko sallama ba sai ta yi ba.

Mataki na biyar: Kowace tambaya da amsarta a aljihu

Kawu zai yi tambaya, ba don zargi ba, don kulawa, kuma wannan ya fi zafi. Saboda haka kada ka jefar da takunkuminka don an ce annoba ta wuce. Ka ce kai mai taka-tsantsan ne. Rabin ƙarya a baki ake gane ta, in ka rufe bakin ka rage rabin aiki.

Zai ce, "Ɗan Yaya, kwana biyu ban ga kun ɗauki sukari ba."

Ka sauke murya ka ce likita ne ya hana, tun bayan zazzaɓin nan.

Zai ce, "To man girki fa?"

Shi ma likita. Sabulu? Fatar uwar yara ce ta daina karɓa. Madara? Cikin yara take ɓatawa. Shinkafa? Ka yi ajiyar zuciya kawai, ka dubi ƙasa, shi zai ƙarasa da kansa.

Gargaɗi ɗaya: kowace ƙarya tana cire abu ɗaya daga rayuwarka ta hukuma, kuma dole ka riƙa tunawa. Kawu ya daina ba yarana alewa saboda tausayi, suna wucewa suna harararsa, suna hararata. Ya bugo wa mahaifiyata waya ya ce a sa mu a addu'a. Uwar yara ta tsare ni a ɗaki ta ce, "Ka san dai yanzu a wurin Kawu ba ma ci, ba ma sha, ba ma wanka? Sai ƙyasta ashana kawai muke yi, kamar gidan matsafa."

Na ce mata alama ce ta tsarin yana aiki.

Mataki na shida: In ya ce zai shigo duba masu jiki

Zai shigo. Kai ka ce masa ba ku da lafiya, kawu ne shi kuwa.

Ka horar da iyali tun da wuri. Da an ji sallamarsa, buhun sukari ya shige ƙarƙashin gado, jarkar mai ta koma banɗaki, fitila mai canza launi a kashe ta. Keken motsa jiki ba sai an ɓoye ba, tunda tun satin farko ya zama wurin rataye kaya, ba wanda zai gane keke ne.

Ranar da ya shigo mana, komai ya tafi daidai. Ya zauna a kujerar da ke kallon kicin, uwar yara ta durƙusa ta gaishe shi, ta tashi ɗora masa shayi. Ta murɗa murhun gas ɗin da na saya a garaɓasa. Ƙas! Wuta ta kama da kanta, ba ashana, ba komai.

Kawu ya dubi murhu. Ya dube ni. Ni kuma na dubi silin, wanda dama mun saba tun lokacin kulle.

Aka kawo shayi ba sukari, tunda likita ya hana. Ya shanye tas bai ɓata fuska ba, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tafi. Kada ka karanta komai a cikin irin wannan shirun. Tsofaffi ba su san murhun zamani ba.

Mataki na bakwai: Kwali shi ne gawar, ka iya binne ta

Yawancin ɗalibaina a nan suke faɗuwa. Sun ɓoye kaya, sun manta kwali. Kowane kwali kuwa yana zuwa da farar takarda manne a gefe, ɗauke da sunanka da lambarka ɓaro-ɓaro.

Kada ka yaga da farce, tana barin rabin suna. Kada ka goge da biro, ana gani in an ɗaga wa rana. Ka samo cokalin shayi, ka ɗan jiƙa takardar, ka zauna ka kankare ta a hankali har sai wurin ya yi fari fes. Ni har na ware cokali na musamman don wannan aikin, ba mai taɓa mini shi. Sannan ka ninke kwalin, ka miƙa wa mai kwasar shara ta layin baya. Ina yake kai su? Ba ruwanka. Abin da ya bar hannunka ba suna, ba naka ba ne.

A duk matakan nan, da wannan na fi alfahari.

Mataki na takwas: Kada ka kalli kanta

In ka je sayen ashana, ka tsayar da idonka kan fuskar Kawu ko kan rediyo. Kada ka kalli bayansa. In ka kalla za ka ga ya jero gwangwanaye a bakin kanta don a zaci a cike take, bayansu kuwa wayam. Za ka ga firij ɗin lemo a kashe, an mayar da shi wurin ajiye ledoji. Za ka ga babur bayan babur suna wucewa ta gabansa da kwalaye, yana ɗaga musu hannu, har ya san wasu da suna.

In duk da haka idonka ya kauce ka gani, akwai magani: ka sayi ashana biyu.

Mataki na tara: Ranar da ya ce ka tuɓe riga ka taya shi

Wata safiya za ka tsallaka kamar kullum, ka tarar an shigar da benci ciki, an sauke gwangwanayen ƙasa.

"Ɗan Yaya, yau ba ciniki. Tuɓe rigar nan ka taya ni kwashe kaya. Na rufe."

Ka ce innalillahi, ka ce tsadar rayuwa, ka ce gwamnati. Duk na faɗa. Kawu ya shiga lungun shago ya fara fito da kwalayen da za mu zuba sauran kayan. Ya jibge tsibi ɗaya a nan, ya koma ya ɗauko wani tsibin daban, ɗaure da igiya, ya ajiye a gabana.

Na sa hannu kan na sama. Yatsana ya faɗa kan wani farin wuri mai santsi a gefe. Na san aikin. Na ɗaga na biyu, na uku. Duk hannun gwani ɗaya ne.

Kawu ya zauna kan benci yana murza gwiwa. "Mai shara ke kawo mini su, ina ƙulla kaya a ciki. Ka ga wancan tsibin? Ga na tela, ga sunansa. Ga na malamin makaranta, ga na mai kemis. Duk layin nan ba wanda ya damu in gani." Ya miƙo hannu ya shafa farin wurin. "Sai mutum ɗaya da yake zama ya kankare nasa. Na ce wannan ko wane ne, kunyata yake ji. Mai jin kunyata har haka kuwa, a layin nan ɗaya na sani. Shi ya sa nake ware su. Ranar da ciniki ya ƙi, in na dube su sai in ce, to, har yanzu ina da ɗa a nan."

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, ɗan'uwa. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. A nan ne za ka gode mini da na ce kada ka jefar da takunkumi, don yana shanye ruwan da ke gangarowa daga ido.

"Kawu, tun yaushe?"

"Tun tawada."

"To me ya sa ba ku taɓa faɗa ba?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "In na faɗa, ka daina zuwa sayen ashana. Wa zai zauna da ni da safe?"

Na duƙa na ci gaba da jera gwangwani a cikin kwalin injin matse lemu.

Da muka gama ya jawo wani katan daga ƙarƙashin kanta, sabo fil, ko buɗe shi ba a yi ba, ya ɗora mini a ka. "Wannan don kai na saro shi. Na ga gidanka ana cin ashana." Sannan ya ce kada in damu da inda zai koma, ba inda za shi. Masu kamfanin babura sun karɓi shagon, zai zama wurin sauke kayan duk layin, kowa ya zo ya ɗauki nasa, shi kuma suka ce ya zauna ya kula.

"Ka gaya wa tela ya huta da bokiti," in ji shi. "Kai ma ka mayar wa matarka cokalinta."

Mataki na goma babu. Yanzu kowace safiya Kawu na fitowa tsakiyar titi, daidai inda yake tsayawa lokacin kulle, ya ɗaga murya yadda har layin baya za a ji:

"Ɗan Yaya! Sukarin da likita ya hana ku ya iso!"

Ni kuma in tsallaka, in rusuna, in zauna a gefen benci. Sai na daɗe nake tunawa da kwalin.

Sanarwa

Marubucin wannan darasi ba ya ɗaukar alhakin ciwon ƙugu, ko faɗowa daga katanga, ko yaran da suka ƙullace ka saboda alewa, ko addu'o'in samun lafiya da mahaifiyarka ta baza a dangi. Alkawarin da na yi a farko cewa Kawu ba zai sani ba, na yi shi ne a kan kawun da ba shi da ido, ba shi da mai shara, kuma bai goya ka a kafaɗa ba. In naka ba irin wannan ba ne, wannan tsakaninku, ni ban san ka ba, ko a hanya muka haɗu kada ka gaishe ni. In shagon da ke kallon ƙofarka ya rufe, ka tuhumi annoba, ka tuhumi zamani, ka tuhumi babban yatsanka, amma ban da ni.

In kuwa har yanzu a buɗe yake, to rufe wayar nan ka tsallaka. Sai dai ka sayi wani abin, don ashana kam ka zo gidana, kyauta nake rabawa.